Manifol Daga Kalgo

Duk garin Gwandu babu wanda bai san injin Abdulgani ba, amma in ka cire ƙanensa Siddiƙu, babu wanda ya san abin da ke cikinsa. Ƙararsa kawai mutane suka sani. In aka tayar da shi a garejin da ke bayan tasha, ba ya bugawa dum-dum irin na sauran motoci, wani irin kuka yake yi siriri mai tsawo, har masu shayi su dakata da zuba ruwa su waiwayo. Daga nan kowa ya zama masani. Wannan ya ce injin jirgin sama ne, wancan ya ce na jirgin ruwa ne, wani tsoho kuma ya rantse akwai aljani a ciki. Siddiƙu ya daɗe da daina yi musu bayani, don ya lura ba bayanin suke so ba, so suke a ji su suna magana.

Asalin injin daga wata ƙaramar motar Japan ya fito, irin mai ƙofa biyu, wadda ɗan wani attajiri ya rungumi gada da ita a hanyar Sakkwato tun kafin a ba Kebbi jiha. Abdulgani, wanda shi ya koya wa Siddiƙu riƙon sifana, ya je ya kwaso gawar motar, ya ciro injin ya dasa shi a jikin wata tsohuwar a-kori-kura. Inji ne da babu fistin, babu bawul. Wasu ƙarafa biyu ne masu kusurwa uku-uku suke juyawa a cikin ɗakunansu, bangon ɗakin sumul kamar madubi, a kowace kusurwa kuma akwai ɗan siririn ƙarfe da ke shafar bangon yana tare iska. Ran da bangon nan ya karce inji ya mutu, mutuwar da babu tashi, don daga Birnin Kebbi har Kano babu mai sayar da ko notinsa. Abdulgani ya nanata wannan magana har kowa a garejin ya haddace ta. Sai da ya ji injin ya tashi, ya zaga gari da shi, sannan zazzaɓi ya kwantar da shi wata damina, bai tashi ba. Bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Injin nan shi ne abin da ya rage na hannunsa a duniya, Siddiƙu kuwa ko ƙuda ba ya son ya ga ya sauka a kansa.

Abu ɗaya ne Abdulgani bai gama ba, shi ne manifol, wato bututun da ke ɗauko iska da fetur daga kafireto ya raba su cikin inji. Na asalin ya fashe a haɗarin. Abdulgani ya haɗa wani da bututun famfo, ya yi masa walda gunduwa-gunduwa, ya ce na wucin gadi ne. Mummunan abu ne, duk ƙuraje, yana satar iska ta gefe, da an saki totur sai injin ya kama tari. Siddiƙu ya sa wa ransa sai ya cika wa yayansa wannan buri. Ya samo katako mai laushi ya sassaƙa siffar sabon manifol, rabi biyu kamar an fasa ƙwarya, ya goge kowace kwana har ta kwanta, ya yi alamar ramukan noti. Nufinsa in wahalar fetur ta lafa ya kai Kaduna a zuba masa da dalma a wurin masu kayan wankewa da gogewa. Shekarar kuwa ta dogon layi ce, motoci na kwana a gidan mai, tafiya ta gagari talaka. Katakon ya zauna a ƙarƙashin gado yana jira.

Sai matarsa Huseina ta taimake shi, irin taimakon nan da ba ka nema ba kuma ba ka da halin ƙi. Huseina 'yar Kalgo ce, mahaifinta kuwa Baba Bawa mai zubi, wanda rabin tukwanen dalmar da ake tuwon biki da su a yankin daga hannunsa suka fito. Yakan narka tsofaffin fistin da fasassun tukwane, ya danna siffa a cikin jiƙaƙƙen yashi, ya zuba. Da za ta je suna gida, sai ta naɗe katakon cikin zani ta tafi da shi, ba ta ce wa kowa komai ba. Da Siddiƙu ya neme shi ya rasa, ta gaya masa tana murmushi, tana jiran godiya.

"Baba yac ce wanga ba wani aiki na ba. Mi za ka yi Kaduna, ga gwani gida?"

Siddiƙu kuwa, tun da aka ɗaura aurensu bai taɓa kiran sunan tsohon ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, ko ruwa bai taɓa kurɓa ba. In ya hango shi, tun daga nesa yake cire takalmi. Tsohon ma haka, bai taɓa ce masa Siddiƙu ba, sai Malam, in kuma magana ta yi tsawo sai ya nemi wani na uku ya riƙa faɗa wa shi, idonsa a ƙasa. Mutanen garuruwan biyu suna yaba wannan kunya tasu, har misali ake bayarwa da ita. To mutumin da ba ka iya haɗa ido da shi, ta yaya za ka aika masa ya maido maka katako don ba ka yarda da aikinsa ba? Siddiƙu ya haƙura. Ya ce a ransa duk abin da tsoho ya zubo zai karɓa ya yi godiya, ya jiƙa shi ya kankare a ɓoye, in bai yi ba ya rataye shi a ɗaki, magana ta ƙare. Bai kawo a ransa cewa tsohon da ƙafarsa zai kawo ba.

Wata Asabar da hantsi, cikin zafin bazara, sai ga bas ɗin Hamidu ta tsaya a bakin gareji. Hamidu abokin Siddiƙu ne tun suna yara, yana jigila tsakanin Gwandu da Kalgo ta Birnin Kebbi, mutumin kirki wanda Allah bai taɓa nuna masa lokacin da ya kamata ya yi shiru ba. Ya zagayo ya buɗe ƙofa yana washe baki. Baba Bawa ya sauko cikin babbar riga, dattawan Kalgo abokansa suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshensu rungume da wani abu a naɗe cikin farin ƙyalle. Siddiƙu ya jefar da sifana, ya cire takalmi, ya durƙusa. Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya, aka yi gaisuwa har ta gaji, sannan aka warware ƙyallen.

Gaskiya ɗaya ce, abin ya yi kyau. Yana ƙyalli, babu huji, babu kumburi, fuskar da za ta haɗu da inji an goge ta ta kwanta lif. Masu shayi da 'yan kamasho suka fara taruwa suna sa albarka.

"Hamidu," in ji Baba Bawa, yana duban tabarma, "hwaɗa ma Malam ga ɗan abin da munka yi. Mu ba mu san aikin mota ba, tukunya munka sani. Amma mun taho mu ji shi da kunnenmu, in Allah ya yarda."

Siddiƙu ya miƙa hannu biyu ya karɓa. Yana ɗagawa, yatsansa ya shige bakin bututun har zuwa kwanar farko, sai ya taɓo wani abu mai kaushi. Yashi ne, ƙonanne, manne da bango kamar ƙanzo a gindin tukunya.

Ba laifin hannun tsoho ba ne, haka zubi yake. Kafin a sami rami a ciki sai an sa zuciyar yashi, dalma ta zagaye ta, in ta huce a farfasa yashin a zazzage. A tukunya babu wahala, bakinta a buɗe yake. A bututu mai kwana kuwa yashin yakan ƙone ya manne inda ido ba ya kaiwa. Sai an jiƙa shi kwana da kwanaki, an bi shi da waya, an ɗauraye, an sake. In aka ɗaura shi haka, da injin ya ja numfashi yashin zai ɓalle ya bi iska, ya faɗa kan bangon nan da Abdulgani ya hana ko tsumma mai datti ya taɓa.

Ya ajiye manifol ɗin a hankali, ya fara neman hanya.

"Hamidu, hwaɗa ma Baba na gode ƙwarai. Sai dai batir ya yi sanyi, sai an kai caji."

"Batir?" in ji Hamidu. "Ga na bas." Kafin Siddiƙu ya ƙara kalma har ya kwance shi ya rungumo, yana nishi, ya dire a gabansa.

"Mai hwa?" in ji Siddiƙu. "Tankin ko ɗigo babu."

Baba Bawa ya ɗan juya kai, wani dattijo ya tashi ya ɗauko galan daga ƙarƙashin kujerar bas. Wurin 'yan bumburutu suka saya tun a Kalgo, a shekarar da mutum ke ɓoye fetur a ɗakin kwanansa. Jama'a suka yi ta yaba hangen nesan tsoho. Siddiƙu ya yi godiya, takaici na cinsa. Bai taɓa ganin ranar da kowa ya tashi da niyyar alheri irin wannan ba, kuma kowane alheri ƙofa yake rufe masa.

Ya ce zai ɗauko takardar gasket, wadda ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada iska ta sulale, ya shiga gida, don gidan a bayan garejin yake. Ya tarar da Huseina a gindin murhu, gumi na zuba, tana juya shinkafar baƙi a cikin tukunyar ubanta.

"Huseina, akwai yashi cikin abin ga. In nit tada inji da shi haka, ya mutu. Ki kira Baba gehe ki ce mai a bari sai wani sati."

Ta saki muciya ta dube shi kamar ya zage ta.

"Ni? In ce ma Baba aikinai na da datti, ya ɗebo abokanai tun daga Kalgo? Ka san daɗewar da yay yi kan abin ga? Kai ka hwaɗa mai, kai ad da inji."

"Kin san ba ni iyawa."

"To ni ɗiyatai ta, ni ka iyawa? Kuma yashi kaɗan mi za ya yi ma ƙarhe? Motocin garin ga duk ba yashi suka sha kullum ba?"

Ya tsaya yana kallonta. Ya so ya yi mata bayanin bango da siririn ƙarfe, sai ya ga ta riga ta koma kan tukunyarta. Ya yi tsaki, abin da bai saba yi mata ba, ya fita.

Da ya dawo jama'a sun ninka. Ya ɗauki manifol ɗin ya nufi bayan gareji da shi, ya ce zai ɗan shafa masa mai. Ya san wanki na ɗan lokaci ba zai fitar da ƙonannen yashi ba, amma ko yaya ne a rage.

"Shahwa mi?" in ji Hamidu da ƙarfi. "Abin ga da ya hi madubi? Ko ka ga wani aibi na?"

Dattawan Kalgo suka ɗago kai. Siddiƙu ya ce babu aibi, ina aibi zai fito. Don ya nuna duba aiki kawai yake yi, sai ya kafa baki a bututun ya hura, da fatan ko kaɗan ya fita ta ɗaya gefen. Iskar ta bugi kwana ta dawo masa da yashi cikin baki. Ya ji shi a harshe, ya ji shi ƙaras-ƙaras a haƙora, da ɗacin toka da ƙarnin ƙonannen ƙarfe. Surukinsa na zaune a gabansa. Wanda ya ɗauke baki daga aikin suruki ya tofar da yawu a gaban mutane ya gama magana. Siddiƙu ya tattara yashin da yawu ya haɗiye, ya ce ma sha Allahu, iska na wucewa sarai.

Saura fata ɗaya, ko ramukan noti su ƙi haɗuwa. Ya sunkuya kan injin ya fara kwance na Abdulgani. Ya cire wayar totur, ya zare robar mai, ya ɗaga kafireto ya ajiye kan kwali. Notunan ya bi su a hankali, yana jan lokaci, har wani ya tambaya ko a kawo masa babbar sifana. Tsohon manifol ya fito da ƙurajensa da tsatsarsa. Siddiƙu ya riƙe shi ya ga inda hannun yayansa ya yi rawa wurin walda, ya ajiye shi gefe. Bakunan injin suka bayyana, tsaf, babu ko ƙwayar ƙura. Ya yanka gasket, ya ɗauko na Kalgo ya gwada. Ramukan suka zauna kan kusoshinsu ɗaya bayan ɗaya, ko bugu ba a yi ba. Tsohon gwani ne, abin haushin ke nan.

Yana ɗaure notin farko sai ya ji gyaran murya daga kan tabarma.

"Malam."

Kowa ya waiwayo, don ba a saba jin tsohon ya yi wa surukinsa magana kai tsaye ba. Siddiƙu ya saki sifana ya durƙusa.

"Na'am, Baba."

Baba Bawa ya dubi manifol ɗin. Ya dubi 'yan kamasho da masu shayi da direbobin da suka yi da'ira suna kallon bakaniken garinsu yana aiki. Leɓensa ya motsa. Sannan ya mayar da ido kan carbinsa.

"Allah shi yi albarka," in ji shi.

Aka amsa da amin, har da masu cewa ka ga surukuta irin ta da. Siddiƙu ya koma ya ɗaure sauran notunan, ya ɗora kafireto, ya mayar da roba da waya. Hannunsa na aiki shi kaɗai, irin yadda aka koya masa, kowane noti daidai ƙarfinsa, shi kuwa ƙyamar kansa yake ji. Kafin ya miƙe ya zare wata 'yar waya daga kwayil, mai ba inji wuta, ya tura ta ƙarƙashin roba. In wuta ba ta zo ba inji ba zai tashi ba, sai ya ce wani abu ne daban, kowa ya watse.

Ya murɗa makulli, injin ya juya bai kama ba. Ya saki da sauri, ya fara girgiza kai yana shirya ƙaryarsa.

"Tsaya," in ji Hamidu, kansa cikin bonet. "Ga wata waya ta hita. Kai, Siddi, tsuhwa ya hwara kama ka." Ya maƙala ta, ya ɗago yana dariya, jama'a na taya shi. "Buga yanzu."

Siddiƙu ya zauna riƙe da makulli. Ya san abin da ya rage masa. Ya fito ya durƙusa ya ce, Baba, akwai yashi a ciki, a ba ni sati. Maganar ba ta fi haka ba. Ya juya ta a bakinsa, ya ji nauyinta, ya hango fuskar tsohon a gaban abokansa, ya hango yadda za a kwashi labarin a kai Kalgo kafin la'asar, cewa mijin Huseina ya kunyata surukinsa a bainar jama'a. Ya dubi tabarma, ya ga tsohon ya sunkuyar da kai yana jira. Ya murɗa makulli.

Injin ya tashi da bugu ɗaya, kuma tun da Abdulgani ya dasa shi bai taɓa yin murya irin ta ranar ba. Babu tari, babu rawa. Ya zauna lumui yana kuka siriri, daidai yadda Abdulgani ya sha kwatantawa da baki yana cewa wata rana za ka ji. Siddiƙu ya ji idonsa ya kawo ruwa. Siffar da ya sassaƙa daidai ce, zubin tsoho daidai ne, abin da suka yi shekaru suna nema ga shi yana shiga kunnensa. Ya kai hannu zai kashe tun da sauran dama.

Hamidu ya riga shi. Ya kama wayar totur daga gaba ya ja har ƙarshe, don dattawan Kalgo su ji abin da suka zo ji. Injin ya ɗauki kuka har kwanon gareji na amsawa, tsofaffi suka toshe kunne suna dariya, mata suka leƙo ta katanga. A cikin wannan ƙara Siddiƙu kaɗai ya ji wata ƙarama a ƙarƙashi, shuu, kamar ana wasa wuƙa a dutse. Ya kashe makulli, amma kafin nan muryar ta riga ta sake, ta yi laƙwas, wani farin hayaƙi mai kauri ya biyo salansa.

"A ƙara, a ƙara," in ji jama'a.

Siddiƙu ya sake murɗawa don ya tabbatar wa kansa. Injin ya juya sakayau, da sauri, babu abin da ke tare shi, kamar injin niƙa da babu hatsi. Bakaniken da ya ji wannan juyi ba ya bukatar a buɗe masa komai. Siddiƙu ya fito ya rufe bonet a hankali.

"Ya yi zahi na," in ji shi. "Sai ya huce."

Kowa ya gamsu. Aka yi azahar, aka fito da shinkafa da miyar kifi, Siddiƙu ya bar wurin tun da ba ya cin abinci gaban suruki. Ya zauna a bayan gareji kan tsohuwar taya yana jin su suna santi, ana ba da labarin ƙarar injin ga waɗanda suka zo a makare, kowa na ƙara mata gishiri. Har lokacin in ya haɗa haƙora yana jin yashi.

Da za su tafi ya raka su zuwa bas, yana bin bayan tsohon, takalmi a hannu. Dattawa suka shiga. Baba Bawa ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan matakala, ya jira har 'yan rakiya suka ja baya, ya rage daga shi sai Hamidu sai Siddiƙu a durƙushe.

"Hamidu," in ji shi ƙasa-ƙasa, "tambayi Malam. Injin nan nashi, yashi bai yi mai komi?"

Hamidu ya juya ya dubi Siddiƙu.

"Don na ga bai wanke ba," in ji tsohon, idonsa na kan tayar bas. "Mu ko tukunya munka zuba, sai an jiƙa ta an kankare kahin a ɗora tuwo, balle abin ga mai lungu. Wayata ba ta kai ciki ba. Ni cewa niy yi za ya karɓa ya jiƙa, mu mu dawo wata rana. Su waɗanga da sunka biyo ni su ad da son ji, ni kau da nig ga ya hwara kwance-kwance sai nis sa ido. Da yaɗ ɗauko za ya ɗaura na so in yi magana. Sai nic ce, ni wa, in koya mai aikinai gaban mutanen garinsu? Halama injin zamani na, shi yas san abinai."

Ya jira amsa. Tsoro ne a muryarsa, na mutumin da ya riga ya san amsar yana roƙon kada a ba shi ita. Siddiƙu ya dubi ƙafafun tsohon, duk tabon ƙunar dalma. Haushi ya cika shi, haushin tsohon, da na Hamidu, da na Huseina, da na duk bakin da ya taɓa yaba kunyarsu, nasa kuma ya fi na kowa. Su biyu sun san abu ɗaya a lokaci ɗaya, tazarar tabarma ce tsakaninsu, kowa ya zauna yana girmama ɗan'uwansa har injin ya ci kansa.

"Hamidu," in ji shi, "hwaɗa ma Baba ba komi. Aiki ya yi kyau. Allah shi saka da alheri."

"Madalla," in ji tsohon. Ya shiga bas bai waiwayo ba. Hamidu ya tsaya kamar zai ce wani abu, karo na farko a rayuwarsa ya rasa, ya zagaya ya tada mota.

Washegari da safe Siddiƙu ya sauke injin ya buɗe shi. Bangon da ke sumul ya zama kamar gonar da aka yi wa huɗa, layi-layi, farce na maƙalewa a ciki. Siraran ƙarafan kusurwa wasu sun cinye, ɗaya ya karye ya zaga ɗakin yana sara. Ya goge kowane yanki da tsumma mai tsabta duk da ya san babu amfani, ya jera su cikin akwatin katako, ya ɗora tsohon manifol ɗin Abdulgani a kai. Huseina ta kawo masa koko ta ga akwatin, ta ajiye kwanon ta koma cikin gida.

Na Kalgo kuwa ya jefa shi cikin daro ya cika da ruwa. Ya bar shi ya jiƙu, ya bi shi da waya, ya ɗauraye, ya sake, kamar yadda ya yi niyya tun farko, ba don komai ba sai don ya ga ƙarshen abin da idonsa. Da ya tsiyaye ruwan, yashin da ya kwanta a gindin daro bai cika cokalin shayi ba. Ya zura yatsa cikin bututun har kwana, ya ji santsi ko'ina. Bai taɓa riƙe manifol mai kyawunsa ba, kuma duk ƙasar babu sauran injin da zai hau.

A tasha har yau in zancen surukai ya taso, sai wani ya kawo misalin Siddiƙu da Baba Bawa, yadda tsoho ya zubo masa kayan inji kyauta, yadda shi kuma ya ɗaura nan take ko dubawa bai yi ba, don girmamawa. Siddiƙu in ya ji an fara, sai ya ɗauki sifanarsa ya shige ƙarƙashin motar da ke gabansa.